Ni Ma Ɗiyarki Ce, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu, matar marigayi Mai Bishara Istifanus.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa a inda babu ciwon gwiwa, babu gudun hijira, babu mai buga ƙofa. Mu nan Kankara lafiya lau muke. Jikokinki Dauda da Hannatu suna makaranta, surukinki yana nan yana fama da gonarsa. Bana masara ta yi kyau.

Bayan gaisuwa, Mama, ni ce Rifkatu. Na faɗi sunana ne don na san in aka ce maki ɗiyarki ce ta rubuto, sai kin tambaya wacce daga ciki.

Ran Asabar da ta wuce kika cika shekara guda da barinmu, kuma wani abu ya faru a ranar da ya tsaya mani a rai. Na rubuta wasiƙar nan a inda mutane za su gani, domin da yawa daga cikinsu sun san ki, amma ba su san abin da ke cikin zuciyar wadda kika haifa ba. Kishi nake, Mama. Na haura shekara arba'in, ina koyar da 'ya'yan mutane, ina tsayawa gaban jama'a ina jan waƙa ran Lahadi, amma kishi nake kamar yarinyar da aka yi wa ƙane.

Kin tuna ranar da ikilisiyarmu ta Metodis ta aiko Baba daga Zariya zuwa Gidan Jatau, can bayan Damari a ƙasar Sabuwa? Ina da shekara biyar. Mota ta kafe a laka, muka ƙarasa a ƙasa, ke da tabarma da tukwane a ka, Baba da akwatin littattafansa. Majami'ar da aka ce an tanadar mana rumfar kara ce, kujerunta gungumen ɗorawa guda uku. Yawancin mutanen garin Maguzawa ne masu bin addinin kakanninsu, sai Musulmi a gefen kasuwa, sai Fulani a rugage.

Wata huɗu ba wanda ya leƙo mu. Baba ya buga ƙarfe da safe, ya tsaya ya yi wa'azi, masu sauraro ni da ke da awakin maƙwabta. Ya rame don damuwa. Ni kuwa ban taɓa jin daɗin duniya kamar a watannin nan ba. Kina yi mani kitso kullum Asabar, ki kwance ki sake in bai yi maki ba. Kina gasa mani gyaɗa, ki ɓare ki sa mani a baki. In na juya, kina nan.

Sai ɗan Sarkin Noma ya kamu da zawo, har idonsa ya faɗa. Kika ɗauki ɗan abin da aka koya maki na kiwon lafiya kafin mu taso, kika zauna gefensa da ruwan gishiri da sukari, cokali bayan cokali, tun hantsi har la'asar. Yaro ya tashi. Daga ranar ƙofar gidanmu ba ta sake rufuwa ba.

Baba ya gode wa Allah da hawaye. Rumfa ta cika, aka ƙara gungume, daga baya aka yi ginin laka aka sa kwano. Kika kafa zumuntar mata. Kika buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin tsamiya. Kika zama ungozomar gari da rugage, ba ki tambayar addinin kowa. Lokacin da ikilisiya ta haƙa rijiya, ke kika tsaya sai da aka haƙa ta a bakin hanya, ba a harabar majami'a ba, don kada matar liman ta ji nauyin zuwa ɗibar ruwa. Na san duk wannan alheri ne. Ban taɓa musu ba.

Amma har sunan da nake kiranki da shi sai da suka karɓe. Tsofaffin da suka haife ki suna ce maki Mama. Matan Fulani masu tallan nono suna ce maki Mama. Na koma ce maki "Mamata", ina jan ƙarshen da ƙarfi don kowa ya ji. Kika yi dariya kika ba mata labari.

Kajinmu suna ƙwai, ƙwan na masu jego ne. In aka yanka zakara, romon na marar lafiya ne. In na ɓata rai, magana ɗaya gare ki: "Rifkatu, ke kina da ni. Su ba su da kowa." Ban san yadda zan amsa maki ba a lokacin. Yanzu na sani, amma babu amfani.

Sai Talatu ta zo. Uwarta ta rasu wajen haihuwar ƙanenta a hannunki, ubanta ya kawo ta ya ce ba zai iya ba. Sa'ata ce, shekara takwas, kanta duk ƙwarƙwata. Ana saura kwana biyu Kirsimeti. Kika buɗe adaka kika fito da rigata, mai furanni ruwan ɗorawa, wadda ban ko gwada ba sai sau ɗaya, kika sa mata. Kika ce mani Yesu ma a sakarkarin dabbobi aka kwantar da shi. Na tafi sujada da tsohuwar riga, ina kallon furannina suna rawa a jikin wata.

Da Talatu muguwa ce, da na huta. Amma yarinyar nan ba ta da laifi ko ɗaya. Kafin ki ce ruwa ta kawo. Ta koyi naɗa bandeji, ta koyi dafa almakashi, ta san inda kike ajiye komai. Ita ke ɗaukar maki akwatin magani in an kira ki ruga. Ni jini nake tsoro, sai a bar ni gida in jira tuwo kada ya ƙone. Ina jin ku kuna dawowa kuna hira ƙasa-ƙasa irin ta abokan aiki, in kun shigo sai ku yi shiru.

Da aka kai ni makarantar kwana a Zariya, ran ziyara nakan tsaya bakin ƙofa tun safe. Baba ke zuwa, da ƙuli-ƙuli da dakuwa a ƙunshe cikin ɗankwalinki. Ya ce Mama tana gaishe ki, taron mata ne ya riƙe ta. Wani zuwan ƙyanda ce ta shigo gari. Nakan ba ƙawayena ƙuli-ƙulin in riƙe ɗankwalin.

Baba ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Na ɗauka za ki tattara ki dawo Zariya. Aka aiko sabon mai bishara, kika ba shi gidan, kika koma ɗaki guda a bayan majami'a, ke da Talatu.

Yanzu bari in zo kan wanda ya fi ci mani rai. Cikin Dauda, cikina na fari. Kin yi mani alkawari da bakinki cewa tun watan bai tsaya ba za ki zo Kankara, ki karɓi jikanki da hannunki, ki yi mani wankan jego har arba'in. Na gaya wa uwar mijina, na gaya wa maƙwabta. Ina ta fariya, wai uwata ta karɓi haihuwar rabin ƙasar Sabuwa.

Ranar da naƙuda ta kama ni, kina ruga. Matar wani makiyayi ce yaro ya zo mata a gicciye. Na haihu a hannun wata ma'aikaciya da ban san sunanta ba, ina kiran sunanki har muryata ta dishe. Kin iso ran kwana uku da yaji da daddawa da kanwa. Kika ɗauki Dauda, kika juya shi, kika ce, "Kai, wannan ai ya fi na Hajara nauyi." Ko a ranar sai da kika shigo mani da wata Hajara cikin ɗaki. Kwana biyar kika yi. Uwar mijina ce ta ƙarasa wankan.

Shekaru suka wuce, daji ya lalace. Ɓarayin daji suka fara da shanu, suka koma kan mutane. Ranar da suka shiga Gidan Jatau da rana tsaka suka ƙona rumbuna, ke kika tara mata da yara kika bi da su ta cikin rafi, da gwiwar nan taki mai ciwo. Daga baya aka kwaso ku zuwa Faskari, kuka zauna a harabar wata majami'a, iyali goma sha wani abu a ƙarƙashin rumfunan buhu.

Allah ya gafarta mani, Mama, da na ji kin tsira, wani sashe na zuciyata murna ya yi da garin ya watse. Na ce yanzu kam ba sauran abin da zai riƙe ki. Na share ɗakin da ke kusa da nawa, aka shafa mashi farar ƙasa, na ɗinka labule. Hannatu ta rubuta "Ɗakin Kaka" da alli a jikin ƙofa. Muka zo ɗaukarki da mota.

Na tarar da ke a kan kujerar tsuguno kina rabon kunu, Talatu na miƙo maki kofuna. Kika rungume ni, kika ji daɗin ganina, na ga haka a idonki. Amma kika ce kaza ba ta shiga akurki ta bar 'yan tsaki cikin ruwa. Na ce ni fa, ba 'yar tsakonki ba ce? Kika ce, "Ke ai kin yi fiffike." A gaban mutane na ce maki to ki zauna da ɗiyanki, tunda kin fi son su. Na shiga mota ban waiwaya ba. Wata uku kina kirana a waya ina barin ta tana ƙara har ta gaji.

Talatu ce ta kira ni ran wata Alhamis da safe, ta ce jikinki ya yi tsanani. Kafin in samu mota in iso, kin cika. A cinyarta kanki yake. Matan zumunta sun riga sun yi maki wanka sun sa maki farin zanenki. Ko wannan ban samu ba.

Na ja Talatu gefe na tambaye ta me kika ce a kaina kafin ki tafi. Kin san ba ta iya ƙarya ba, ke kika raine ta. Ta sunkuyar da kai ta ce maganarki ta ƙarshe ita ce a tuna a ba ɗan Laraba maganinsa da azahar.

To a nan ne na yi abin da ya sa nake rubuta maki. Dattawan ikilisiya suka ce sun samu wuri a maƙabartar Faskari, kusa da mutanenki, don su riƙa ziyartarki. Na ce ban yarda ba. Na ce ni kaɗai ce jininki a duniya, kuma Kankara zan kai ki. Rabaran ya lallashe ni. Wani dattijo Musulmi, Alhajin da kika karɓi haihuwar 'ya'yansa bakwai, ya cire hularsa ya roƙe ni. Talatu ta durƙusa ta kama ƙafata, ta ce, "Yaya, hanyar nan ba ta biyuwa gare mu. In kin tafi da ita mun rabu ke nan." Na san gaskiya ta faɗa. Don na san gaskiya ce ma na nace.

Aka sa ki a mota. Mata suna bin motar da gudu suna kuka har bakin titi. Ban ce direba ya tsaya ba. Mutanen da suka raka ki kabari a Kankara ba su cika benci huɗu ba, yawancinsu ma don ni suka zo, ba su taɓa ganinki ba. Ke da kika yi shekara kusan arba'in kina binne na mutane, haka na binne ki.

Na samu abin da nake so. Shekara guda kina nan bayan majami'armu, tafiyar minti goma daga gidana. Kullum Asabar nakan zo in cire ciyawa in zauna. Ba mai kiranki, ba mai jan zanenki. Ni kaɗai. Kuma ban taɓa jin kin yi mani nisa kamar a shekarar nan ba.

Ran Asabar ɗin nan na shirya ɗan taron addu'a a bakin kabarinki, mu da maƙwabta. Wajen hantsi sai na ji waƙa daga bakin titi. Babbar mota ce irin ta ɗaukar hatsi, cike da mata, sun biyo hanyar nan da ko direbobi ke tsoro. Wasu da zanen zumunta, wasu da hijabi, har da tsofaffin Fulani biyu da ƙoren nono. Suka sauko ƙafafu duk sun kumbura. Talatu ce a gaba. Ba ta shigo ba, ta tsaya bakin ƙofar maƙabarta ta ce, "Yaya, mun zo gai da Mama, in kin ba mu izini."

Izini, Mama. A wurina. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ido. Na buɗe masu ƙofa.

Suka kewaye ki har ban iya hango kabarin ba. Suna kuka, suna dariya, kowa na ba ki labari kamar kina zaune. Wannan ta ce ɗanta ya fara tafiya. Waccan ta ce an fara komawa Gidan Jatau noma da rana, kuma rijiya tana nan ba ta ƙafe ba. Na tsaya can baya na harɗe hannu, abin nan ya taso mani sabo fil, kamar ba a yi shekara ba.

Sai wata tsohuwa mai ido ɗaya ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ke kuma daga wane gari?" A bakin kabarin uwata. Talatu ta ce mata, "Iya, ai ita ce Rifkatu."

Mama, sai ga mata duka sun juyo. "Ke ce Rifkatu?" Tsohuwar ta kama fuskata da hannu biyu. Ta ce in nuna mata tabon da ke bayan kunnena, na ranar da na faɗo daga kan jaki. Wata ta ce ni ce ba na cin miyar kuka sai an sa wake. Wata ta ce ai ni ce na zo ta ɗaya a lissafi har aka ba ni kyautar agogo, kuma sun sha labarin agogon nan har sun haddace. Ɗaya daga cikin Fulanin ta ce duk macen da ta haihu a hannunki, in ta yi raki, sai ki ce mata, "Yi haƙuri, Rifkatuna ita kaɗai ta haihu ba uwa a kusa, kuma ba ta mutu ba." Ta ce duk sanda kika faɗi haka sai kin share ido da bakin zane. Uku daga cikinsu sun sa wa ɗiyansu sunana. Ɗaya ma Musulma ce.

Talatu ta ce watannin nan uku da na ƙi ɗaukar waya, kullum bayan sujadar safe sai kin sa zumunta ta yi addu'a, ba don in huce ba, wai don kada ciwon kaina ya tashi, domin kin san in na yi fushi ba na cin abinci.

Na san abin da masu karanta wasiƙar nan suke jira in ce. Suna jira in ce zuciyata ta yi sanyi. Ta yi, wani wajen. Na yi kuka a kafaɗar Talatu, karo na farko tun muna yara, na roƙe ta gafara, ta ce ba komai, irin yadda ke ma za ki ce. Na dafa masu abinci da hannuna, na raka su har tasha, ban zauna ba sai da ta kira ta ce sun isa lafiya.

Amma da na dawo gida sai wani sabon kishi ya kama ni. Me ya sa su kika gaya wa? Agogon nan, da na kawo maki shi, cewa kika yi in gode wa Allah kada in yi girman kai, kika juya kika ci gaba da tankaɗe. Ashe kin zagaye gari da labarinsa. Hawayen da kika yi saboda haihuwata, a rugar Fulani kika zubar da su, ni ban ga ko ɗigo ba. Har son da kike mani, Mama, su kika raba wa. Da kin rage mani kaɗan na ji da kunnena.

Ban ce kin yi kuskure ba. Da kin zauna kina yi mani kitso, da matan nan da yawa suna ƙasa, da 'ya'yansu. Na gan su da idona, rayayyu, suna cin shinkafa a tsakar gidana. Ni ma ba zan iya zaɓar wadda za a bari ta mutu don in samu uwa ba. Na dai so ki sani cewa akwai wadda ta biya kuɗin wannan alheri ba a tambaye ta ba, kuma tana da shekara biyar lokacin.

Ki gafarta mani maganar da na faɗa maki a Faskari. Ki gafarta mani wayar da na ƙi ɗauka. Ki gafarta mani da na ɗauke ki daga hannun mutanenki. Na gaya wa Talatu ƙofata a buɗe take gare su duk ranar da hanya ta yi kyau, kuma in an yi hutun makaranta ni zan je Faskari in zauna da su kwana biyu, su ƙarasa ba ni labarinki. Da alama sun fi ni saninki.

Ubangiji ya ba ki hutawa, ya saka maki da abin da mu ba mu iya saka maki ba. Ya kawo salama a Sabuwa da Faskari da Kankara, ya mai da kowa gonarsa. Ya riƙe Talatu, ya ƙara mata ƙarfi, don yanzu ita ake buga wa ƙofa. Ni kuma ya wanke mani zuciya, don na gwada da kaina na kasa.

Roƙo ɗaya ya rage. Na san can ma ba a bar ki ke kaɗai ba, duk waɗanda kika rufe wa ido suna kewaye da ke. Ranar da Ubangiji ya kira ni na iso, ki ce masu su ɗan jira a waje. Wuni ɗaya kawai. Bayan nan sai su shigo.

Ki gai da Baba.

Taki, wadda kika haifa,
Rifkatu